Don Casiano da Balbela Uku

A kasuwar Alhamis da Lahadi ta El Alto, garin da ke kan tudu a saman birnin La Paz, idan ka wuce layin masu tayoyi ka gangara wajen 'yan gwangwan, akwai wata rumfa da faɗinta bai fi taku uku ba. A nan Don Casiano Tarqui yake zama. Abin da yake shimfiɗawa a gabansa noti ne da ƙusoshi da sifana iri-iri, amma rabin masu tsayawa wurinsa ba sayayya ce ta kawo su ba. Hoto suke zarowa daga aljihu, ko daga tsakiyar littafin addu'a, su miƙa masa su ce, "Don Casiano, wane jirgi ne wannan da babanmu ya tsaya a gindinsa?"

Aji uku kawai ya yi a makarantar ƙauyensu ta bakin tafki. Yana da shekara goma sha biyar ya hau mota ya zo filin jirgi neman abin yi, aka ba shi bokiti da tsintsiya. Lokacin jiragen nama ne. Tsofaffin jiragen sama ne da Turawa suka gama yaƙinsu da su suka sayar da araha. Da sassafe su gangara ƙasar Beni inda shanu suke, a yanka a gefen fili, a loda naman da ɗuminsa, su hauro duwatsu kafin rana ta take. Aikin Casiano na farko wanke jinin da ya kwanta a cikinsu ne. Daga nan aka bar shi ya riƙe sifana, daga baya ya zama mai faci, wato idan jikin jirgi ya tsage ko jini ya cinye ƙasansa, shi ne zai yanko gwangwani ya toshe ya jera ƙusoshi. Shekara talatin da shida ya yi yana wannan. Da hanyar mota ta isa Beni, jiragen suka mutu ɗaya bayan ɗaya a cikin ciyawa a bayan fili, shi kuma ya kama rumfa.

Yadda yake duba hoto daban ne. Kowa idan an ba shi hoton jirgi, rubutun da ke jiki yake fara karantawa. Shi kuwa babban yatsansa yake ɗorawa ya rufe rubutun. Ya ce fenti ba ya jin kunyar ƙarya. Ƙafafun jirgin yake dubawa, sai ƙofa, sai ya ƙirga tagogi da bakin allura, sai jela, sai faci. Yana da wani gilashin ƙara girma wanda ya ciro daga matacciyar kamara, ɗaure da zare a wuyansa. In ya gane, ya faɗa a kalma biyar. In bai gane ba, sai ya ce, "Ban sani ba tukuna. Dawo Lahadi." Akwai hoton da ya ci masa Lahadi goma sha ɗaya.

Wata rana wani malamin jami'a ya hauro daga La Paz da littafi mai kauri kamar bulo, ya ce ya duba shafi ɗari shida bai ga irin jirgin da ke hotonsa ba.

Don Casiano ya duba ya ce, "Ba za ka gani ba. Jirgi biyu ne. Gaban na wani ne, jelar ta wani. Wancan ya bugi saniya, wannan ya bugi bishiya, aka haɗa abin da ya rage."

"Ka tabbata?"

"Ni na haɗa."

Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan. Sai dai mutane sukan bar masa hoton, ko su wanko masa wani. Da haka ya tara kwalin takalmi goma sha huɗu, kowane hoto da rubutunsa na fensir a baya, da manyan baƙaƙe masu karkata.

A gefen rumfar akwai wata juyayyar tukunyar birki da ba ta sayarwa ba ce. Kujerar Don Melitón Cuéllar ce. Melitón mutumin Beni ne, ɗan dakon nama, wanda aiki ya hauro da shi tudu ya kuma ƙi komawa, ko da yake shekara arba'in ke nan yana zagin sanyin garin. Casiano ne ya riƙe masa 'yarsa ta fari a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre, kuma a ƙasar wannan ya fi maƙwabtaka nauyi, ya kusa kai 'yan'uwantaka. Kowace ranar kasuwa Melitón zai zo da kofi biyu na api, kunun jar masara mai zafi, ya zauna ya buɗe baki. Casiano na kiransa rediyo. Shi kuma yana ce wa Casiano dutse.

Labarin da Melitón ya fi so shi ne na shekarar ambaliya. Ruwa ya ci garin San Gervasio, ya bar mutane a kan wani ɗan tudu tare da karnukansu da kajinsu. Jirgi ɗaya ne ya yarda ya riƙa sauka a guntun filin da ya rage, na marigayi Kyaftin Oblitas, wanda aka zana wa farar tsuntsuwa a hanci aka rubuta La Garza, wato Balbela. Kwana goma sha tara tana kai garin abinci da magani tana kwaso mutane. Melitón ya ce shi ne ɗan dakonta. Matsalar ita ce, duk shekara ruwan yana ƙaruwa a bakinsa. Da farko a gwiwa yake, daga baya ya kai ƙirji, kwanan baya har kada ta shigo labarin. Mutane suna dariya suna saya masa api, amma ba wanda zai rantse a kai. Casiano kansa bai san gaskiyar ba, don sai bayan ambaliyar da shekara biyu suka san juna.

To, sai ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirage ta ce za ta kafa allon tagulla a zaurenta, da sunan duk wanda ya yi aiki a Balbela a waɗancan kwana goma sha tara. Matuƙa da makanikai suna da takardu. 'Yan dako kuwa ba wanda ya taɓa rubuta sunansu a ko'ina. Shugaban kwamiti, wani tsohon matuƙi mai suna Kyaftin Arancibia, ya yanke hukunci: wanda ba shi da takarda ya kawo hoto, kuma Don Casiano ya sa hannu cewa jirgin da ke hoton shi ne.

Ranar Alhamis Melitón ya iso da hoto a cikin firam, naɗe da tawul. Ya buɗe shi kamar mai buɗe amarya. Ga shi nan da ƙuruciyarsa, cikin kwat da malafa, gashin baki a murɗe, hannu ɗaya a kan tayar jirgi. Sama da kansa ga tsuntsuwar, ga sunan ɓaro-ɓaro.

"Compadre, sa hannu nan. Kada ka wahalar da gilashinka, makaho ma ya ga wannan."

Casiano ya san hoton. Shekara talatin yana ganinsa a bangon falon Melitón duk ranar da aka gayyace shi cin abinci. Tun ganin farko ya san abin da ke ciki, amma ba wanda ya tambaye shi, shi kuwa ba ya amsa tambayar da ba a yi ba. Ya kurɓi api ɗinsa. Ya sake kurɓa.

"Compadre, wannan Balbela ta uku ce."

"Ta me?"

"Ta uku. Kyaftin Oblitas da sunan yake yawo. In jirgi ya mutu a hannunsa ya sami wani, sai ya kira mai fenti ya zana masa tsuntsuwarsa. Balbela uku aka yi. Ta ambaliya ita ce ta farko, farfelarta hannu huɗu gare ta. Ƙirga wannan."

Melitón bai ƙirga ba. "Ni ina ruwana da farfela? Ni ƙofa na sani! Nan nake shiga da cinyar sa a kafaɗa, nan nake fita. Ƙofar ce wannan, na rantse da kabarin uwata!"

"Ƙofar iri ɗaya ce. Amma dubi takardun ado da aka rataya mata a fiffike, dubi kwalaben giya a ƙasa. Ranar da aka yi mata bikin ch'alla ce, aka zuba wa ƙasa rabonta na giya don sabon jirgi ya shigo hannu. Shi ya sa ka sa kwat. Wa ke dakon gari a cikin ruwa da kwat? Ina wurin ranar, ni ne ma na riƙe maka jakarka."

"To sai me? Balbela Balbela ce! Tsuntsuwa ɗaya, kyaftin ɗaya, ni ɗaya. Wa zai sani?"

"Ni."

Melitón ya miƙe har tukunyar birkin ta kife. "Kai dai dutse ne, wallahi. Kai ka riƙe mini 'ya a gaban Allah, amma ba za ka iya riƙe biro na minti ɗaya ba? Wato ni maƙaryaci ne?"

"Ban ce ba ka je ba. Na ce wannan ba ita ba ce."

"Riƙe amsarka, ka soya ta ka ci da busasshen dankalinku!"

Ya naɗe hotonsa ya tafi, ya bar kofinsa ko rabi bai sha ba.

Lahadi bai zo ba. Alhamis bai zo ba. Masu rumfunan gefe suka fara tambaya ko rediyon ya lalace ne. Sau biyu Casiano ya ba mai sayen noti mai lamba goma a maimakon sha biyu, abin da bai taɓa yi ba. Saura mako biyu a rufe karɓar sunaye. Ya san in aka zuba tagullar nan babu sunan Melitón, to shi da compadre ɗinsa sai dai gaisuwar jana'iza. Ya kuma san in ya sa hannu, duk abin da ya rubuta a bayan hotunan kwali goma sha huɗu ya zama zancen rediyo. Ya ɗauki biro sau ɗaya a gida, ya juya shi, ya mayar.

Lahadi ta biyu sai ga Doña Eduviges, matar Melitón, ta keto kasuwa da jakar cefane a hannu. Gajeriyar mace ce, tela, wadda ba ta taɓa yin magana a hankali ba sai a coci.

"Compadre, me ka yi wa mijina? Kwana goma ba ya magana. Ka san abin da ake nufi da Melitón ba ya magana? Jiya har akun gidanmu sai da ya leƙo ya ga ko mutuwa aka yi!"

"Comadre, zauna."

"Ba zan zauna ba. Ni na ga mutumin nan ya dawo daga ambaliyar da ƙafafu kamar dafaffen rogo. Wata biyar da aurenmu. Kadar ƙarya ce, wannan na yarda, amma ya je!"

"Na yarda da ke. Amma Kyaftin ba maganata ko taki ya nema ba, hoto ya nema. Bari ki ga bambancin da idonki, don kada ki ce ƙeta ce."

Dama tun ranar rigimar yake ajiye da kwali na tara a ƙarƙashin tebur. Ya ture notuna gefe ya jera hotuna bakwai. Duka Balbela ta farko ce, uku daga ciki a San Gervasio aka ɗauke su, wani mai ɗaukar hoton jarida ne ya bar masa su shekara ashirin da suka wuce. Hotuna ne masu kyau, garau. Ya fara nuna mata da bakin allura. Ga hannun farfela, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ga taga ta biyar da aka toshe da gwangwani. Ga jela.

Doña Eduviges ba ta bin allurar. Ta sa yatsa a can kusurwar hoto na shida.

"Wannan wa ye?"

Casiano ya duba. A gindin ƙofar jirgin, wani mutum ya duƙa cikin ruwa zuwa cinya, buhu a wuya, ya ba kamara baya. Ba fuska, ba ko kunne. Abin da ya fi fitowa a jikinsa shi ne mazaunai.

"Wani ɗan dako ne."

"Shekara nawa hoton nan yake hannunka?"

"Ashirin."

"Ba ka taɓa duba mutanen ciki ba?"

Casiano ya yi tunani tukuna, don ba ya son amsar da ba daidai ba. "Suna tare mini taya," ya ce.

"Allah ya shirye ka, compadre. Wannan wandon ni na yi masa faci. Ba ni gilashin nan."

Ta miƙo hannu, amma Casiano ya dafe gilashin a ƙirjinsa. Ya kife hoton.

"A'a. Kada ki duba. In kin duba yanzu, an ɓata shi. Ki zo zauren ƙungiya ranar Laraba, ki zo da shi ko da a baro ne."

Ranar Laraba kwamiti ya zauna, tsofaffi biyar a bayan dogon tebur, Kyaftin Arancibia a tsakiya da tabarau a kan hanci. Melitón ya shigo bayan matarsa, ya zauna can nesa, ya juya wa Casiano ƙeya. Casiano ya ajiye hoton a gaban Kyaftin.

"Wannan Balbela ta farko ce, a San Gervasio, cikin ruwan. A kan wannan na sa hannu."

Kyaftin ya duba ya gyaɗa kai. "Ita ce. To ina Cuéllar?"

"Ga shi nan a kusurwa, in ji matarsa."

Kyaftin ya kai hoton kusa da hanci, ya nisanta shi, sannan ya cire tabarau. "Don Casiano, da girmanka. Wannan ai ba mutum ba ne, wando ne."

Sauran huɗun suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce ai ko ta baya ma an ga alamar mai yawan magana.

Casiano ya bari suka gama. Sannan ya ce, "Kyaftin, shekara nawa kuna kawo mini hoto, na ce muku jirgi kaza ne don na gane facin da na yi da hannuna, kuka yarda? Ba ku taɓa ce mini ina fuskarsa ba. Ita ma mai faci ce. Ba ta taɓa ganin hoton nan ta gilashi ba, na hana ta. Ta faɗi abin da ke jikin facin tukuna, sannan ku duba."

Kyaftin ya ce wannan magana ce. Ya juya ga Doña Eduviges.

Ta gyara mayafinta. "Ɓangaren hagu ne. Daga buhun fulawa na yanko shi, irin mai hoton zakara. Rabin kan zakaran ya fito a jiki, kuma a kife yake, baki sama, tukku ƙasa."

"Me ya sa a kife?"

"Don ranar haushinsa nake ji. Ya je rawa bai gaya mini ba."

"Ƙarya ne, aiki na je!" in ji Melitón daga can baya. Maganarsa ta farko ke nan cikin kwana goma sha uku.

Casiano ya ciro gilashin daga wuyansa ya miƙa wa Kyaftin. Kyaftin ya duƙa a kan hoton ya daɗe. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya miƙa wa na kusa da shi, wannan ya miƙa wa na gaba, har gilashin ya zagaye teburin, kowa ya duba sai ya kama ciki. Na ƙarshe ya share hawaye ya ce, "Har idon zakaran ana gani."

Kyaftin ya jawo takarda. "Cuéllar, da acento, ɗan karan nan, a kan e, ko?"

Bayan wata biyu aka buɗe allon. An yi ch'alla, an zuba wa ƙasa giya, an rataya takardun ado. Sunaye goma sha ɗaya ne, na tara shi ne Melitón Cuéllar, ɗan dako. Abin da ba a gaya wa Melitón ba shi ne, kwamiti ya sa an wanko hoton nan ƙato, an kafa shi a gefen allon, an kuma zagaye kusurwar da jan layi don kada baƙo ya sha wahalar nema.

Melitón ya tsaya a gabansa cikin kwat ɗinsa, ya daɗe yana kallo. Casiano ya zo ya tsaya a gefensa, hula a hannu.

"Compadre," in ji Melitón, bai juyo ba. "Shekara talatin ina da hoto mai gashin baki. Mata na tsayawa su kalle shi. A duk duniya ka rasa abin da za ka kai gaban jikokina sai wannan?"

"Wannan ce Balbela ta farko."

"Na ji! Na ji, dutse!" Ya matsa kusa, ya ƙanƙance ido. "Amma ka lura da inda ruwan ya kai?"

"Cinya."

"Wane irin cinya? Tudu na taka a wurin. Taku ɗaya gaba, har wuya."

Casiano ya ɗaga gilashinsa ya duba wurin da kyau, ya daɗe, kamar yadda ya saba. Sannan ya sauke.

"Wannan ban sani ba," ya ce. "Ba ya cikin hoton."

Melitón ya kama shi ta kafaɗa ya ja shi wajen da ake rabon abinci, yana kiran wasu baƙi biyu da suka shigo, su zo su ga inda aka rubuta sunansa.